Ali Farka Ture: Makaɗin Da Ya Koma Gona A Niyafunke

A cikin makaɗan Afirka ta Yamma waɗanda sunansu ya ƙetare teku a ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai inda marigayi Ali Farka Ture na ƙasar Mali ya kai. Sau uku ana ba fayafayansa lambar yabo ta Grammy a Amurka, biyu yana da rai, ɗaya kuma bayan ya kwanta dama. To amma abin da ya sa na ga ya dace a kawo tarihinsa a wannan shafi shi ne yadda ya yi da wannan ɗaukaka bayan ta zo masa. Domin kuwa a daidai lokacin da Turawa ke rububinsa, ana aiko masa da takardun gayyata daga Landan da Faris da biranen Amurka, sai mutumin nan ya tattara nasa ya nasa ya koma garinsu Niyafunke, ya ce shi fa manomi ne, kiɗa kuwa sai in gona ta ba shi sarari. A nan ya yi yawancin shekarunsa na ƙarshe yana fama da shinkafa da injinan ban ruwa, har daga bisani mutanen garin suka ɗora masa nauyin shugabancinsu.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san inda Niyafunke take. Ɗan ƙaramin gari ne na ginin ƙasa a jihar Tumbuktu, a bakin kogin nan da mu muke kira Kwara, su kuma Sangai, 'yan uwan Zabarmawa, suke kira Isa Ber, watau babban kogi. In ka baro Mopti a jirgin ruwa za ka Tumbuktu, sai ka yada zango a nan. A zamanin da muke magana babu kwalta da ta isa garin, saboda haka in ruwa ya cika a bi kogi, in ya janye a bi yashi da mota mai ƙarfi. Akwai wani abu da zai ba Bahaushe sha'awa a nan: a harshen Sangai, gaɓar kogin ta hannun hagu, wadda ke fuskantar hamada, sunanta Hausa, ta hannun dama kuwa Gurma. Niyafunke a gaɓar Hausa take. Ruwan saman da ake samu a wurin a shekara bai kai rabin na Kano ba, don haka rayuwar mutane duka a kan cikar kogi ta rataya. Ruwan da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini da damina shi ne yake gangarowa a hankali, ya iso musu bayan watanni, ya malale fadamu, a shuka shinkafa, in ya ja da baya a bi sawunsa da dawa. Shekarar da kogi ya ƙi cika, to, rumbu ya ƙi cika ke nan.

An haifi Ali Ibrahim Ture a shekarar 1939 a ƙauyen Kanau, wajen Gurma Rarus. Mahaifinsa ya rasu yana aikin soja a rundunar Faransa tun Ali yana jariri, daga nan iyalin suka ƙaura zuwa Niyafunke. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, sauran duk sun koma tun suna ƙanana. Ɗan wabi ke nan a Hausance, kuma kamar yadda mu ma akan laƙaba wa irin wannan yaro suna kamar Ajuji ko Ayashe, haka su ma suka laƙaba masa Farka. Kada mai karatu ya fassara kalmar da Hausa ya ɗauki alhakin bawan Allah. A harshensu jaki take nufi, saboda juriyarsa da taurin kansa. Shi da bakinsa yakan ce ya yarda shi jaki ne, amma irin wanda ba a hawa.

Bai taɓa zama a benci a makarantar boko ba. A gona ya tashi, ya kuma koyi sana'o'in hannu iri iri, ya yi tuƙin mota, ya yi kanikanci, har ya yi tuƙin jirgin ruwan da ke ɗaukar marasa lafiya. Kiɗa kuwa ba gadonsa ba ne. A ƙasar Mali, kamar a ƙasar Hausa, kiɗa da roƙo sana'ar wasu gidaje ce da ake gada, shi kuwa daga zuriyar Arma ya fito, jikokin mayaƙan Maroko da suka karya daular Sangai a 1591, waɗanda ke ganin kiɗa ƙasƙanci ne a gare su. Duk da haka tun yana ɗan shekara 12 ya harhaɗa wa kansa ɗan molo mai tsarkiya ɗaya da suke kira jarkel, daga baya ya kama njarka, wadda in ka gan ta sai ka ce kukumarmu ce. Da waɗannan kayan ake kiɗan iskokin kogi a yankin, abin da ya yi kama da bori a wurinmu, kuma Ali bai taɓa ɓoye cewa a wajen irin wannan wasa kunnensa ya buɗe ba. Ya sha ba da labarin yadda wata lalura ta kama shi yana yaro har aka kai shi wani ƙauye jinya kusan shekara guda, ya dawo hannunsa ya faɗa da kiɗa. Musulmi ne mai riƙo da salla, amma har ya mutu yana ɗaukar kiɗansa a matsayin baiwar da ba a wasa da ita, kuma wannan ra'ayi yana da hannu a komawarsa gida, kamar yadda za mu gani.

Labarin tashensa ba sai an ja shi ba. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, sai ya ɗauki salon jarkel ya mayar a kan jita. Bayan Mali ta sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin wasannin gargajiya a kowace gunduma, Ali ya zama ɗaya daga cikin jagororin ta Niyafunke. A 1968 aka tafi da shi wani biki a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya, can ya sayi jitarsa ta farko. Daga 1970 ya yi aiki a gidan rediyon Mali a Bamako, yana cikin makaɗan gidan, yana kuma aikin ɗaukar murya, kuma daga nan ne ya riƙa aika wa wani kamfani a Faris da kaset ɗinsa ana buga su a faifai.

A 1980 ya ajiye aikin rediyo ya koma Niyafunke. Wannan ita ce komawarsa ta farko, kuma mutane da dama ba su lura da ita ba, suna zaton sai da ya yi kuɗi sa'an nan ya tuna da gida. Alhali kuwa lokacin da ya koma ba shi da wani abin a zo a gani, kuma ya koma ne a tsakiyar shekarun wahala. Farin 1973 ya riga ya karkashe dabbobin Fulani da Buzaye, na 1984 kuma yana tafe, shekarar da kogin ya yi ƙarancin cikar da tsofaffi ba su taɓa ganin irinta ba. Tafkin Fagibin da ke arewa da su, wanda a da ake kamun kifi a ciki ana noma gefensa, ya ƙafe. Samari suka riƙa watsewa zuwa Bamako da Abijan da Libiya neman abin kai wa bakin salati. Mutum ya bar albashin gwamnati ya nufi inda kowa ke gudu, ai ka san akwai taurin kan jaki a ciki.

Yana can yana noma sai wani mai gabatar da shirye-shirye a BBC, Andy Kershaw, ya ci karo da ɗaya daga cikin fayafayan nan na Faris ya fara sa shi a rediyo. Wata mata mai suna Anne Hunt ta kamfanin World Circuit ta taso takanas zuwa Bamako nemansa, har sai da aka yi cigiyarsa a gidan rediyon Mali, aka yi sa'a ya shigo birnin a lokacin. A 1987 ya je Landan. Daga nan fayafai suka biyo baya, har zuwa Talking Timbuktu wanda ya yi da Ba'amurken nan Ry Cooder, aka fitar a 1994, ya ci Grammy a 1995.

To, a nan ne labarin ya ɗauki wata hanya dabam. Makaɗin da ya sami irin wannan karɓuwa, abin da aka saba gani shi ne ya kama gida a Faris, kamar yadda da yawa daga cikin takwarorinsa na Mali da Gini da Senegal suka yi a shekarun 1980, ya riƙa zagaya duniya yana tara abin da zai tara tun kasuwarsa na ci. Ali sai ya riƙa janye jiki. Shekara biyar cur bayan Talking Timbuktu bai shiga ɗakin ɗaukar sabon faifai ba. Dalilan da ya riƙa bayarwa guda biyu ne, kuma ya maimaita su ga duk ɗan jaridar da ya sha wahalar zuwa ya same shi. Na farko, akwai bakuna masu yawa da ke ci daga hannunsa, kuma gona ba ta jiran mai ita ya dawo daga yawo. Na biyu, a ganinsa kiɗan nan daga ƙasar yake fitowa, in ya daɗe a waje sai ya ji abin yana tsinkewa daga jikinsa, yana kaɗawa ne kawai babu rai a ciki. Mai karatu yana iya ɗaukar wannan na biyu a matsayin irin maganar makaɗa, amma duk wanda ya saurari faifan da ya yi a Amurka ya kuma saurari wanda ya yi a gida bayansa, zai ji bambanci. Ni dai na gida ya fi kwanta mini.

Kuɗin da ya samo a waje kuwa a ƙasa ya zuba su. Ya sayi injinan ban ruwa da kayan aikin gona, ya buɗe filayen shinkafa a bakin kogi, ya ɗebi mutanen gari aiki. Hikimar abin a fili take ga wanda ya san noman rani. Manomin da ke jiran kogi ya malalo masa, shekara ɗaya ya samu, shekara biyu ya tashi a tutar babu. Wanda kuwa ya girke inji a gaɓa, ya yi wa filinsa shinge da ƙasa, ya yanka magudanai, to, ko kogin bai hau ba yana iya ɗaga ruwan ya kai wa shukarsa. Sai dai inji yana da nasa sharuɗɗa. Yana shan man gas, man kuwa daga nesa ake kawo shi da tsada; yana lalacewa, kayan gyara kuwa sai Mopti ko Bamako; in ya tsaya kwana kaɗan a lokacin da shinkafa ke fitar da kai, aikin shekara ya tafi a banza. A nan tsohon kanikancinsa ya yi masa rana, kuma a nan za a gane abin da ya sa ba ya son yin nisa. Mutumin da ke da inji a bakin kogi da shinkafa a tsaye ba zai iya tafiya Turai wata uku hankalinsa a kwance ba.

Da shugaban World Circuit, Nick Gold, ya ga dutse ba zai zo ba, sai shi ya tafi wurin dutse. Ya ɗauko injiniyansa Jerry Boys, suka loda na'urorin ɗaukar murya da janareta da tulin wayoyi, suka sha hanya har Niyafunke. A wani tsohon gini da aka daina amfani da shi a gefen gari suka kafa kayansu. Tsarin aikin kuwa na mai gida ne: da rana yana gona, sai ya gama abin da yake yi sa'an nan ya zo da mutanensa da ƙwarya da njarka a zauna a yi kiɗa, baƙi kuwa su yi ta jira. Faifan da ya fito daga wannan zama a 1999 sunan garin aka sa masa, Niafunké, kuma waƙoƙin ciki yawancinsu gargaɗi ne a kan aiki da neman ilimi da riƙon gaskiya da zaman lafiya. A wannan tafiya ce kuma aka ɗauki faifan farko na almajirinsa Afel Bokum, mai suna Alkibar. Afel ɗan garin ne, tun yana yaro yake bin Ali, kuma malamin gona ne, ka ga ashe ba Ali kaɗai ba ne ya haɗa garma da jita a Niyafunke.

Maganar zaman lafiya da na ambata ba ta fatar baki ba ce a wurinsu. Daga 1990 tawayen Buzaye ya ɓarke a arewacin Mali, aka yi kashe-kashe tsakanin mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, makiyaya da manoma suka shiga zargin juna, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa Muritaniya da Aljeriya da Burkina Faso. Sai a watan Maris na 1996 aka tara bindigogi aka ƙone a Tumbuktu alamar an sasanta. Ali yana waƙa da Sangai da Fillanci da Buzanci da Bambara, kuma bai fasa waƙa da harshen kowa ba a lokacin da ake gaba. Ba shi da ubangida, ba ya wasa sarki ko attajiri don a ba shi, saboda haka maganarsa ba a ɗauke ta ta wani ɓangare ba. Wannan kuwa babban bambanci ne tsakaninsa da makaɗan fada irin namu, waɗanda in ubangida ya faɗi ko ya rasu sukan shiga wani hali a ƙarshen rayuwa. Shi gonarsa ce ubangidansa.

Tun da ya ƙi fita, sai duniya ta riƙa zuwa ta same shi. Wani Bafaranshe, Marc Huraux, ya yi fim a kansa a 2002, ya sa masa suna da wani karin magana mai nufin zuma ba ta daɗi a baki ɗaya. Corey Harris, baƙar fata makaɗi daga Amurka, ya zo har garin suka yi kiɗa tare, kuma an nuna wannan ziyara a fim ɗin Martin Scorsese na 2003 a kan asalin kiɗan bulus. Tambayar da baƙi suka fi yi masa ita ce alaƙarsa da wannan kiɗa na baƙaƙen Amurka, domin tun farko Turawa sun riƙa kamanta shi da John Lee Hooker. Amsarsa ba ta canzawa: shi da ya fara jin Hooker a kaset ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne, don haka in akwai wanda ya ara, to, ba shi ba ne, saiwa da gindin itacen suna Mali, rassa da ganye ne suka ƙetare teku tare da bayi. Masana na ta muhawara a kan iyakar gaskiyar wannan magana, domin bayin da aka kai Amurka daga wurare da yawa aka ɗebo su, kuma shi kansa Ali ya saurari kaset ɗin Amurkawa da kyau a Bamako. Amma dai ya ƙi yarda a mai da shi ɗan kwaikwayon wani, kuma a nan ina bayansa. Haka kuma yakan yi wa masu cewa Tumbuktu ƙarshen duniya ce raddi, ya ce su a wurinsu tsakiyarta ce. A 2003 ya hau dandamali a bikin hamada na Esakan, yamma da Tumbuktu, inda ya fi jin daɗin wasa fiye da manyan zaurukan Turai, tun da a gaban mutanensa yake.

A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niyafunke. Wannan kujera sabuwa ce a lokacin. Bayan hamɓarar da Musa Taraore a 1991, gwamnatin Alfa Umar Konare ta rarraba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 703, wani ɓangare na dalilin kuwa shi ne a amsa kukan mutanen arewa cewa komai sai daga Bamako. An yi zaɓen farko a 1999, na 2004 shi ne na biyu. Matsalar ita ce an miƙa wa ƙananan hukumomin nauyi ba a miƙa musu kuɗin ɗaukarsa ba, harajin da za a tara a wurin talakan da ke fama da fari kuwa bai taka kara ya karya ba. Ali sai ya sa hannu a aljihunsa. Da kuɗinsa aka gyara hanyoyin cikin gari, aka haƙa magudanun ƙazantar ruwa, da kuɗinsa ake sayen man da ake zuba wa janaretan da ke ba garin wuta.

A nan ya kamata a tsaya a yi adalci. Abin da ya yi abin yabo ne, kuma 'yan siyasa nawa muka sani da suka shiga ofis da wadata suka fita da ƙasa da abin da suka shiga da shi? Amma aljihun mutum ɗaya ba baitulmali ba ne. Wutar da ke jiran mutum guda ya saya mata mai, ranar da ya kwanta ciwo ita ma ta kama hanyar kwanciya. Kuɗin da yake kashewa kuma daga kiɗan nan da yake gudu suke fitowa, domin shinkafa ba ta sayen janareta. A gida Mali kuwa kiɗa ba ya kawo wani abin kirki, saboda masu satar fasaha. Yana da hannun jari a kamfanin buga kaset na Mali K7 a Bamako, kuma kaset ɗin jabu sun durƙusar da kasuwar kamfanin. Saboda haka manomin da ya ce ya bar yawo, ɗawainiyar gari da ta gona ba ta bar shi ya rabu da jita ba.

A shekarar da ya zama magajin gari, Nick Gold ya sake dawowa, wannan karo aka kafa na'urori a wani ɗaki na otal ɗin Mande a Bamako, mai kallon kogi. Aka haɗa shi da Tumani Diyabate, gwanin kora, watau molon nan babba na Mandinkawa mai tsarkiya 21. Haɗin yana da ma'ana ga 'yan Mali, domin Tumani ɗan gidan maroƙa ne na asali daga kudu, Ali kuwa ɗan arewa ne da bai gaji kiɗa ba. Ba su yi gwaji ba ko sau ɗaya. Zama uku suka yi na 'yan sa'o'i, faifan In the Heart of the Moon ya kammala. A ciki akwai wani take da aka sa wa suna don taya sabon magajin gari murna. A wannan otal ɗin ne kuma ya ɗauki Savane, inda ya koma ga kayan gargajiya sosai, ya tara masu molo irin su Baseku Kuyate da Mama Sisoko. A 2005 ya fita Turai bayan shekaru yana ƙi, ya yi wasa a Burasal da Landan, kuma a Landan suka sake zama da Tumani suka ɗauki wani faifan. A lokacin nan ciwo ya riga ya ci jikinsa, sankarar ƙashi ce, har akan dakata da aiki in zafin ya taso masa, in ya lafa ya ce a ci gaba.

Akwai wani abu da ya faru a cikin gidansa a waɗannan shekaru wanda ya nuna halinsa. Ɗansa Buraima, wanda aka fi sani da Vieux, an haife shi a 1981, ya nuna sha'awar kiɗa, uban ya hana, ya ce soja yake so ya zama. Mutumin da ya bijire wa danginsa ya kama jarkel, ga shi yau yana hana nasa ɗan. Dalilinsa kuwa shi ne irin cutar da ya ce ya sha a hannun masu buga fayafai a farkon tashensa, ba ya son ɗansa ya ɗanɗana. Yaron ya gado taurin kan, ya shiga makarantar koyon fasaha ta ƙasa a Bamako, Tumani Diyabate ya karɓe shi ya kuma sa baki a wurin uban. Daga ƙarshe Ali ya sauko ya sa albarka, har ya daure da ciwonsa ya je ya kaɗa jita a faifan farko na ɗan nasa. Wannan yana cikin kiɗan ƙarshe da aka ɗauka daga hannunsa.

A watan Fabrairu na 2006 labari ya iso cewa In the Heart of the Moon ya ci Grammy. Bayan 'yan makonni, a farkon watan Maris, Allah ya yi masa rasuwa a Bamako yana da shekara 66. Gidajen rediyon ƙasar suka dakatar da shirye-shiryensu suka riƙa sa kiɗansa. Aka ɗauki gawarsa aka kai Niyafunke aka binne. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa. Savane ya fito a watan Yuli na shekarar, wanda suka yi a Landan kuma, Ali and Toumani, ya fito a 2010 ya ci Grammy a 2011. A 2010 ɗin ne Vieux ya yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu.

Shekara shida bayan rasuwarsa, a 2012, sabon tawaye ya ɓarke, sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, arewacin Mali duka ya faɗa hannun 'yan tawaye da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da sunan addini, har da Niyafunke. Suka haramta kiɗa, makaɗan garin suka ɓoye kayansu, da yawa suka gudu kudu. Bikin hamada da Ali ya yi wasa a cikinsa, na Janairun 2012 shi ne na ƙarshe da aka yi a yankin. Sojojin Faransa da na ƙasashen Afirka sun shigo a 2013 sun karɓe garuruwan, amma tsaro bai dawo yadda yake ba. A gundumar Niyafunke ɗin nan ce aka sace jagoran 'yan adawa Sumaila Sise a watan Maris na 2020 yana yawon neman ƙuri'a, ya yi wata shida da 'yan kwanaki a hannu kafin a sako shi. A 2023 kamfanin World Circuit ya tattara wasu waƙoƙin Ali da ba a taɓa fitarwa ba ya buga su da sunan Voyageur, Vieux yana cikin waɗanda suka tsara aikin. Tumani Diyabate kuma ya rasu a Bamako a watan Yuli na 2024.